Kaji Waje, Taba Ciki

A tashar motar Pinar del Río, Odalys mai sayar da kofi tana kallon wani dattijo. Rigarsa fara tas, yatsunsa sun rine da ganyen taba, yana rabon daskararrun kaji kyauta har da taka rawa. Ko ya zautu, ko ya yi jika, in ji zuciyarta.

"Baba, lafiya?"

"'Yata, ƙwaro ya huda kara ɗaya cikin sigarin da na naɗa don bikin ɗana! Na kwashe kajin gida daga firiza, na cusa tabar a ciki. Kwana uku, sanyi ya kashe har ƙwansa!"

"Mama ta sani?"

Ya kaɗa mata tikitinsa. "Ni ma kwana uku zan yi a gidan ƙanena."