Hannu Uku Kafin Ƙarfe Huɗu

Matso kusa, ja kujera ka zauna, in ba ka labarin Roosevelt Gaither, maƙwabcina a nan Saginaw.

Shekara ashirin da takwas yana ɗaura ƙofofin mota a masana'antar garinmu, inda mahaifinsa ma ya ƙare ƙarfinsa. A wurinmu kowa ya san ƙa'ida: ka cika talatin, ka tafi da cikakken fansho, kamfani ya ɗauki magani naka da na iyalinka har ƙarshen rai. Saura masa biyu. Kuma ba don kansa yake ƙirga su ba, don matarsa Lorraine ne, wadda ake wa wankin ƙoda sau uku a mako.

Sai kamfani ya durƙushe. Gwamnati ta tallafe shi da kuɗin haraji, da sharaɗin a rage ma'aikata. Aka ce ana neman mutum ɗari huɗu su ajiye aiki da kansu kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Wanda ya yarda a ba shi kuɗin sallama da takardar karɓar sabuwar mota, amma in bai kai talatin ba, fanshonsa ya ragu, magani kuma ya tsaya. In ba a cika adadin ba, a cike giɓin daga ƙasan jeri, wato wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita.

'Yarsa Danette, mai 'ya'ya biyu, ita ma a masana'antar take aiki, kuma ita ce ta goma sha biyu daga ƙasa.

Da safiyar Juma'a ƙungiyar ma'aikata ta liƙa sanarwa: saura mutum goma sha huɗu. Roosevelt ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa. Sai mutum uku sun sa hannu kafin Danette ta tsira. Hannunsa shi kaɗai ba zai isa ba.

Lokacin cin abinci ya bi tsofaffin abokansa tebur-tebur. Wannan ya ce jikarsa tana jami'a, wancan ya ce ya bar shi ya ci abincinsa lafiya. Da ya iso wurin Dombek, abokin tsokanarsa tun suna samari, sai Dombek ya ajiye kofin gahawa.

"Kai tsohon banza, wa'azi ka koma? Ka ce mu faɗa rijiya, kai kana tsaye a baki?"

"Ka san halin da Lorraine take ciki."

"Na sani. Ni ma gwiwoyina sun gama aiki tun bara, ni ne dai ban sallame su ba. Ka sa hannu, in sa. Amma kai ne gaba, don na san ka da zamewa."

Mai sayar da abinci ta tsoma baki: "Ku dai ku karɓa, ai harajina ne. Ni in aka kore ni, ko keke ba mai ba ni."

Roosevelt ya ce, "Hajiyar miya, motar me zan yi da ita? Ina zan je?"

Ba wanda ya yi dariya sosai.

Danette ta tare shi a bakin ofishin ƙungiya, safar aiki a hannunta. "Baba, na ji abin da kake yi. Kada ka kuskura. Ni yarinya ce, zan samu wani aikin."

"A ina, 'yar nan? Garin nan kaf, wa yake ɗauka?"

"To Mama fa?"

Ya tuna da safe Lorraine ta riƙe masa hannu ta ce, "Ka duba yaran nan, ni na ci zamanina." Yanzu kuma 'yar tana cewa ya duba uwar. Kowacce tana tura shi wajen ɗayar.

Ƙarfe uku da rabi Roosevelt yana zaune gaban takarda, alƙalami a hannu, Dombek yana tsaye a bayansa yana jira. Biyu ke nan. Na uku, wani mai walda da ya ce "bari in yi tunani", har yanzu bai leƙo ba. In Roosevelt ya sa hannu mutumin bai zo ba, maganin Lorraine ya tafi, aikin Danette ma ya tafi.

Ma'aikaciyar ofis ta dubi agogo, ta dube shi.

To kai da kake saurarena, da kai ne riƙe da alƙalamin nan, za ka sa hannu, ko za ka ci gaba da kallon ƙofa?