Kebul ɗin da Abban Husna bai ƙarasa ba

Wani mafarki na yi jiya da dare, 'yan uwa, har yanzu da nake rubuto muku jikina bai dawo daidai ba. Amma bari in fara gaya muku abin da ke gidana a zahiri, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Mijina, Abban Husna, wata bakwai ke nan da rasuwarsa, Allah ya ji ƙansa. Malamin lissafi ne, amma a ransa shi injiniya ne. Komai ya lalace a gidan nan sai ya ce kada a kira kowa. Ya taɓa gyara mana fanka ta koma juyawa da baya, ya tsaya a ƙarƙashinta yana rantsuwa wai iskar ta fi daɗi.

Babbar 'yarmu Husna tana shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta. Sai ya samo mata tsohuwar kwamfutar tebur ya ajiye a ɗakin ƙarshe, can bayan kicin, inda hayaniyar ƙannenta ba ta kaiwa. Na'urar intanet ɗinmu tana falo, ita kuma kwamfutar ba ta kama waifai, sai an soka mata kebul. Ya sayo wani dogon kebul shuɗi, ya huda bango biyu, ya bi gefen silin yana kafe shi da 'yan ƙusoshi. Ni ce 'yar tayin aiki. Shi yana turowa ta can, ni ina ja ta nan, muna faɗa ta cikin huda. Ya kai shi har ɗakin. Abin da ya rage kawai a sa wa bakinsa ɗan kan nan na roba da ake sokawa a bayan kwamfuta. Ya ce ranar Asabar zai aro abin matsewa. Ranar Alhamis aka kwantar da shi a asibiti, bai dawo ba.

Kebul ɗin yana nan yana reto a bango. Na fita takaba, na rarraba kayansa, har hulunansa na bayar da hannuna, amma wannan ya gagare ni. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa a gidan nan. Ƙanena Nura ya ce aikin minti biyar ne. Sau biyu yana zuwa da mai gyara ina sallamarsu daga ƙofa. Husna kuwa tana ta fama da karatu a wayata mai tsagaggen gilashi, jarrabawa saura mako uku, kuma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Shirun nan nata ya fi mini ciwo. Nura ya ce gobe zai sake kawo mutumin, daga nan ya cire hannunsa.

To, a mafarkin rana ce tsaka. Ina tsaye a falo, kebul ɗin a hannuna, sai na ji an fizge shi sau biyu, yadda Abban Husna yake yi in yana so in sassauta. Sai na bi shi. Na wuce kicin, sai kawai na ga babu ɗakin, sai wani dogon lungu da ban sani ba. Kebul ɗin yana bin bango, ƙusoshin duk a karkace. Ko makaho ya shafa ya san aikin waye.

Lungun ya fito da ni kasuwar 'yan kayan miya. Babu kowa. Tumatir da tattasai an kasa su a faranti, rediyo yana ta magana a wata rumfa babu mai shi. Kebul ɗin ya hau kan rumfuna, ina binsa da ido ina tuntuɓe. Sai kawai ga ni a ajin da yake koyarwa. Yara a zaune, duk sun juya wa allo baya. Na ce, "Ina malaminku?"

Sai kawai ruwa har gwiwa. Na ɗaga kebul ɗin sama kada ya jiƙe, hannuna ya yi tsami, na kasa saukewa. Na ga kakata, wadda ta rasu tun ina firamare, zaune a kan tabarma a saman ruwan tana tsintar shinkafa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke haka kika fito ba mayafi?" Ta ci gaba da tsintarta.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina a ɗakin ƙarshe, amma ba shi da ƙofa. Ga kwamfutar a kan tebur, kebul ɗin a soke a bayanta, an riga an sa masa kan. Garin siminti yana zubowa daga hudar bangon. Sai na ji gyaran muryarsa ta can baya. Na durƙusa na sa ido a hudar, ban ga komai ba sai yatsansa guda, da farin alli a jiki.

Ya ce, "Maman Husna, leƙa bayan kwamfutar. Ta kawo wuta?"

Na leƙa. Ga 'yar koriyar fitila nan tana ƙiftawa, ras. Ta kawo. Amma na sani a raina, irin sanin nan na mafarki da ba wanda ya gaya maka, in na ce e aikinsa ya ƙare, zai tattara gudumarsa ya tafi.

Na ce, "Ba ta kawo ba."

Ya ce, "Ikon Allah. To bari in sake bi."

Na ji takunsa ya yi nisa, na ji yana bubbuga bango, na ji ya dawo. Na manna kunnena a hudar ina sauraron numfashinsa, wallahi daɗi nake ji. Ya sake tambaya, na sake ce masa ba ta kawo ba. Da na waiwaya sai na ga Husna zaune a kujera, littafi a cinyarta. Ta kalli fitilar, ta kalle ni. Ba ta tona mini asiri ba.

A karo na uku muryarsa ta koma irin ta kwanakin asibiti. Ya ce, "Don Allah ki duba da kyau. Na gaji da tsayuwa."

Na buɗe baki, sai na farka. Matashina ya jiƙe sharkaf. Abin da ya fi tsorata ni, ban san wace amsa zan ba shi ba. Shekara goma sha tara muna tare, sai bayan ya mutu na iya kallon gaskiya in yi masa ƙarya, kuma a gaban 'yarsa.

Masu sanin fassarar mafarki, ku taimake ni don girman Allah. Shi ne yake roƙona in sake shi ya huta, ko zuciyata ce kawai take kai ƙarata? Na yi masa addu'a, na ba da sadaka, ƙirjina bai sauka ba. Ga saƙon Nura nan tun safe yana tambaya ƙarfe nawa za su zo gobe, na kasa amsawa. Na san haƙƙin yarinyar nan nake ci. Amma in na bari aka ƙarasa, fitilar ta kawo, wa zai sake kirana ta bayan bango?