Damina da na bar gandu

Shekara biyu bayan fara ta cinye mana gonaki, na shiga barance wajen wani babban manomi a Tamaske. Al'adar garin a fili take: bara ya yi damina a gandu, da kaka a ware masa dammansa na hatsi. In ya tafi don kansa kafin girbi, ko zangarniya ba shi da ita, sai fa in zalunci ya kore shi. Shi ma sai ya ɗauki hauyarsa ran nan ran nan ya aje gaban sarkin noma, tun shaidu ba su huce ba.

Ana maimai, wato noma na biyu, mai gandun ya zabga mini bulalar raƙumi a wuya, don na tsaya shan ruwa. Bai tsaya nan ba, ya zagi uwata gaban matan da sunka kawo fura. Ni kuwa zuciya gare ni, har yau ba ta bar ni ba. Na yi jifa da hauyar cikin gero, na kama hanyar Buza wurin yayata, na kwana uku ina huci. Wautar da na yi ke nan. Matata tana da ciki wata bakwai, rumbunmu kuwa ko ɓera ya daina leƙawa.

Da kaka na kai ƙara. Sarkin noma ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, ina hauyarka ran da abin ya faru? Wa ya gani?"

Barori biyar muke a gonar ran nan. Sauran huɗun duka sunka sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba sosai, a rumbun mai gandun suke ci, amma wallahi na ji haushi.

Ana shirin sallamata sai ga wata tsohuwa tana dogara sanda. Mahaifiyar mai gandun ce, wadda ba a taɓa gani a taron maza ba. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarmar da anka miƙa mata.

"Ina bakin gona ina tsinkar tafasa," in ji ta. "Na ga bulalar, na ji zagin. Yaron nan korarsa anka yi."

Ɗanta ya ce, "Inna, ki koma gida."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Ba ni ƙara cin tuwon rumbunka sai hatsinsa ya shiga nasa."

Mutumin da ko gardin kumandan, wato dogarin gwamnati, ke yi wa magana a hankali, sai ga shi ya sa a buɗe rumbu. Wani dattijo ya share ido da bakin rawani. Tana nan zaune cikin rana, ba ta sha ko ruwa ba, har anka ɗora wa jakuna dammai anka kora su gidana. Da hatsin nan anka yi wa matata kunun jego.

Bayan suna na tafi yi mata godiya, na durƙusa ina ta zuba addu'a. Ta bari na gama.

"Tashi, ɗan nan, ba don kai na yi ba," ta ce. "Shi nike jin tausayi. Na kusa tafiya, kuma ba ni son in bar shi yana ciyar da jikokina da haƙƙin wani."