Alewar Korar Akuya

Assalamu alaikum, edita da 'yan'uwana masu karatu. Shekaru kaɗan da suka wuce, ni mace ce mai jin kanta da dabara. A Nguru na tashi, a gidan da ba a san lallashi ba, tsintsiyar da za ki yi shara da ita, da ita za a zane ki in kin yi nawa. Da aure ya kai ni Gashua, Allah ya ba ni yara uku, sai na yi wa kaina alkawarin nawa 'ya'yan da daɗin rai za su yi aiki. Na samo gwangwani na cika shi da alewar madara, na yanka wa kowane aiki ladansa. Da farko abin ya yi kyau sosai, har rige-rigen wanke-wanke suke yi. Kaina ya kumbura, duk gidan sunan da na je sai na yi wa mata lacca a kan tarbiyya.

Sana'ata turara shinkafa ce, ina shanya ta a tsakar gida. Mai hana ni sakat kuwa ita ce akuyar maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Dagona da muke ce wa Iya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, akuyar nan ce kaɗai take gani kullum, har hira take yi mata kamar mutum, ga akuyar kuma da tsohon ciki. Iya ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ina amarya, ba ni da bakin kai mata ƙara. Sai na kafa sabuwar doka, na ce duk wanda ya kori akuya daga kan shanya yana da alewa ɗaya.

Cikin mako guda akuyar da ke shigowa sau biyu a rana ta koma shigowa babu iyaka. Ina daga kicin zan ji ihu da gudu, sai ga babbar 'yata ko namijin da ke bi mata suna haki, hannu a miƙe. Ni kuma ina ta shi musu albarka. Maigida ya tsokane ni, ya ce tunda akuyar nan ta koyi zare sakata, ya kamata a nema mata gurbi a jami'a. Na yi dariya na wuce, ko a raina ban kawo komai ba.

Wata Talata bayan azahar, autata mai shekara biyar ta same ni tana kuka. Ta ce yayyenta sun cuce ta, ita ce mai buɗe ƙofa, ita ce mai yaudarar akuya da ɓawon kankana, amma su ke shan alewa, don haka yau sai na biya ta ladan buɗewa. Ba ta rufe baki ba na jiyo salatin Iya ta kan katanga. Ashe ranar sun shigo da akuyar, suka tsaya gardamar wanda zai kora, ta ci shinkafa ta ƙoshi, ta koma gida ta sha ruwa. Na tarar da ita kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, numfashi da ƙyar. Iya ta durƙusa tana shafa mata wuya, hawaye na zuba. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Na faɗa wa Iya gaskiya duka, ta ci gaba da shafa akuyarta.

Maigida ya ɗauko malamin dabbobi a babur. Ya ɗura mata magani, ya ce kada a bar ta ta kwanta, a yi ta zagayawa da ita ana murza mata ciki, sauran sai abin da Allah ya yi. Ban ce wa kowa ya tashi ba, yaran nan uku suka karɓi igiya. Babbar na ja, namijin na murzawa, auta na biye tana ba akuya haƙuri. Tun daga la'asar har rana ta yi ja ba wanda ya zauna. Can sai akuyar ta saki wata irin gyatsa da har kaji suka watse. Iya ce ta fara fashewa da dariya tana hamdala, mu duka muka kama, ni dariya da kuka tare nake yi.

Ba zan ɓoye ba, hannuna ya yi ƙaiƙayin duka. Iya ta hana, ta ce kada in kuskura in taɓa mata jikoki, ai sun nuna suna da kai, in akwai mai cancantar bulala to wadda ta buɗe musu kasuwar ce. Na rufe gwangwanin daga ranar. Yaran da kansu suka ɗauki nauyin yanko wa akuyar ciyawa kullum bayan makaranta, ba wanda ya tambayi lada. Da ta haifi tagwaye lafiya lau, Iya ta kira su ta damƙa musu macen, ta ce tasu ce su uku. Murnar da suka yi ranar, duk alewar da na raba ba ta taɓa sa su irinta ba.

Ban ce kada a faranta wa yaro in ya yi aiki ba, har yau ina yi, amma bayan aikin, kuma ba da ciniki ba. Da na ce musu mu tsare shinkafarmu don ita ce abincinmu, da Iya ba ta zubar da hawaye saboda ni ba. Iyaye mata 'yan'uwana, kafin ki ɗora lada a kan abu, ki tsaya ki duba mene ne ainihin abin da kike biya. Yara suna jin magana fiye da yadda muke zato, duk abin da kika sa wa lada shi za su yawaita miki, ko da kuwa akuya ce a kan shanya.