Yawon Arba'in a Bikin Girkawa

Shekarun baya, farkon shekarun tamanin, na haifi ɗana na fari a Greensboro, wani gari can ƙasar Turawa, inda maigidana yake karatun digiri na biyu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce ba a taɓa barin mai haihuwar fari ita kaɗai ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Ta ƙulla kanwa da yaji da garin kunu, ta hau jirgi karo na farko a rayuwarta, ta zo yi min wankan jego. A ɗan gidanmu na haya take dafa ruwa da duk tukwanen da muka mallaka, har tagogi su yi gumi.

Ba ta yi sati biyu ba ta yanke wa garin hukunci. Ta ce babu mutane a cikinsa. Ranar da muka bi da ita ta unguwar masu kuɗi ta Irving Park a mota, ta kalli manyan gidajen nan da ciyayi a share, ta tambaya ko masu gidajen sun yi ƙaura ne, don ba ta ga ko mutum ɗaya a ƙofar gida ba. Ranar suna abokan karatun maigidana ne kawai suka zo, suka ci shinkafa a tsaitsaye suka koma lakca. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa shi ne Turawan asibiti da na kanti, da za su leƙa fuskar jaririn su yi ta yabon kyansa, babu mai cewa tubarkalla. Duk dawowarmu sai ta tofe shi da addu'a tana mita, wai za su sa masa baki.

Daga nan ta kawo maganar da ta hana ni barci. Ta ce idan na yi arba'in da mu za ta koma Kano, ni da yaron, maigidana ya same mu idan ya gama. Ni kuwa ba na so. Na san tafiyar shekaru ce, yaro zai tashi bai san ubansa ba, kuma gaskiya ina son mijina. Amma da wane baki zan faɗa? Ɗan fari ne, ko ɗaukarsa a gabanta kunya nake ji. Maigidana kuma idan ya durƙusa gaishe ta ko ɗaga kai ba ya yi, balle ya musa mata. Duk jarumtarsa a ɗaki take ƙarewa, inda yake ce min lallai gobe zai yi mata magana.

Da arba'in ta cika, Inna ta ce ai sai yawon arba'in, a zaga dangi a nuna musu yaro, sannan ta kalle ni ta ce ko da yake wane dangi. Nan maigidana ya yi wata dabara da ni kaina na ɗauka shirme ce. Ya ce Girkawan garin, wato 'yan asalin ƙasar Girka, suna bikinsu na shekara ranar Asabar, an tare titin gefen cocinsu, akwai abinci da kiɗa, mu je mu sha iska. Inna ta ɓata rai da ta ji batun coci. Ya rantse mata a waje za mu tsaya, kuma ba za mu taɓa nama ba. Zaman ɗaki ya ishe ta, ta yarda.

Tun daga inda muka ajiye mota muke jin ƙamshin gashi da kirfa. Da muka shiga titin sai ga jama'a maƙil, rumfuna a jere, yara na guje-guje, tsofaffi maza suna musu da ƙarfi suna wurga hannuwa. Makaɗa suna kan dandamali, ɗaya na kaɗa wani abu mai dogon wuya kamar garaya, ɗaya na busa mai zaƙin sauti, mutane sun riƙe hannun juna sun yi da'ira suna takawa, na gaba yana kaɗa hankici. Inna ta tsaya da jaririn goye a bayanta tana kallo. Ta ce ashe a nan suka ɓuya.

Muka ci shinkafa naɗe a ganyen inabi, da wani gashin fulawa mai alayyahu da cuku. Ni da na yi kwana arba'in ina fama da kunun kanwa, na ci kamar ba surukin Inna a wurin. Sai muka kai rumfar da wasu tsofaffin mata suke suya. Suna matse ƙullu a tafin hannu, su yanko da cokali su jefa a mai, idan ya soyu su tsoma a zuma. Inna ta ɗanɗana ta ce ai fanke ne, sun dai cika masa zaƙi. Ba ta gama kushewar ba ta sa maigidana ya ƙaro.

Goyon ne ya jawo hankalinsu. Wata tsohuwa gajera, baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har takalmi, ta goge hannunta ta zagayo bayan Inna ta leƙa. Ta faɗi wasu kalmomi da yarensu, ka ga dai yabo take, sai kuma ta yi tofi sau uku saitin kan yaron. Ni 'yar boko, wadda ta haddace duk abin da nas ta faɗa kan ƙwayoyin cuta, na zabura zan janye Inna. Ita kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ta juyo ta ƙare wa tsohuwar kallo, ta ce min in tambaye ta dalili.

Tsohuwar ba ta jin Turanci sosai, surukarta da ke karɓar oda ce ta yi mana tafinta. Ta ce a wurinsu ba a yabon jariri a tafi haka, sai an yi tofi saboda ido. Da suka ji yau ce fitarmu ta farko bayan kwana arba'in, tsohuwar ta dafe ƙirji, ta ce su ma haka suke yi, 'ya'yan zamani ne suka watsar. Inna ta kwance goyon nan da ba ta taɓa bari wani baƙo ya taɓa ba, ta miƙa mata shi. Aka jawo mana kujeru bayan rumfa. Tsofaffin suka yi ta karɓarsa hannu zuwa hannu, suna cusa min abinci wai mai shayarwa ce. Inna da tsohuwar suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na yarenta, suna gyaɗa wa juna kai, ƙafar Inna tana bin kiɗan a ƙarƙashin zani.

A cikin hirar surukar ta gaya mana cewa tsohuwar da ƙuruciya ta zo ƙasar a jirgin ruwa, ta haifi 'ya'yanta duka babu uwa a kusa. Na fassara wa Inna. Ta tambayi inda gidan tsohuwar yake, aka ce bas ɗaya ne daga tashar cikin gari. Sai ta kama hannun tsohuwar ta ce min, "Gaya mata zan tafi, na bar mata amanarki, ke da wannan mijin nawa." Haka take kiran jikan nata. Na buɗe baki Turancin ya ƙi fita, sai maigidana ne ya faɗa, kansa a ƙasa. Tsohuwar ta sumbaci Inna a kumatu biyu, Inna ta daure.

Ita kaɗai ta koma Kano. Tsohuwar kuma ta riƙe amana. Duk sati nakan hau bas in kai mata yaron, ranar da ya yi zazzaɓin haƙori a gidanta muka wuni. Kowace shekara muna bayan rumfar nan, har na iya yanko ƙullun da cokali.

A lokacin na ɗauka na yi nasara, har ina yaba wa maigidana dabararsa. Sai da na girma na gane abin da Inna ta yi. Ita ma tana son jikanta a kusa da ita, abin da take tsoro kawai kada ta bar ni inda ba kowa, tana ganin mutum ɗaya ta haƙura da nata son. Karatun da aka ce na ɗan lokaci ne ya ja, aka zarce digiri na uku, kuma Allah ya yi mata rasuwa kafin mu koma gida. Har yau ina kewarta, ina kewar ranar nan. Na so ta bar ni da ɗana a wurin ubansa ba tare da na buɗe baki na roƙa ba, ta bar mu, kuma ba ta sake ganin yaron ba.