Gaisau da Maƙwabcin Sama

Yayana mai haƙa rijiyar burtsatse ne, irin ta hannu, wadda ake haɗa bututan ƙarfe ɗaya bisa ɗaya ana murzawa har a taɓo ruwa. Kowa Gaisau yake ce masa, domin mutum ne da ko akuya ce ta gifta gabansa sai ya yi mata sannu. Ni ce autar gidanmu. Ina ɗinki a shagon da ke jikin gidansa, don haka fitarsa da dawowarsa duk a kan idona suke.

Shekarun baya wata babbar ƙasa ta kawo sojojinta bayan gari, wai taimakon tsaro. Suka kewaye fili da waya, suka kafa sansani, suka saki jirgi marar matuƙi yana shawagi a kanmu. Ba kasafai ake ganinsa ba, sai dai a ji kukansa kamar janareta a wata unguwa mai nisa. Mutane suka raɗa masa suna Maƙwabci, tunda ya san wanda ya fita da wanda ya dawo, kuma babu shanyar da bai leƙa ba.

Wata rana aka kira Yaya ya haƙa rijiya a bakin sansanin. Da ruwa ya fito, wani sojansu ya ji daɗi, ya sa tafinta ya kira shi, ya nuna masa hoto a waya. Babur ɗin Yaya ne mai ƙafa uku, an ɗauke shi daga sama, bututai sun miƙo ta baya.

"Ya ce da farko sun zaci makamin harbo jirgi ne," in ji tafintan. "Amma yanzu kada ka damu, sun san ka."

Yaya ya dawo gida da wannan magana kamar an naɗa masa rawani. Tun daga ranar ya ƙirƙiro wa kansa ɗabi'a. Duk inda ya isa aiki, kafin ya taɓa ƙasa, sai ya cire hula ya ɗaga wa sama hannu. Sannan ya ɗauki bututun farko ya saɓa a kafaɗa, ya nuna bakinsa wajen da kukan yake fitowa, don Maƙwabci ya leƙa ya ga babu komai a ciki. Leburorinsa suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Har 'yarsa ƙarama, wadda muke kira 'Yar Baba, ta koya. Da ta ji kukan sai ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu tana cewa, "Sannu da aiki!"

Aka ɗauki shekaru a haka, babu abin da ya same shi, shi kuwa ya ce gaisuwar ce.

Sai manyanmu suka ɓata da waccan ƙasa. Rediyo ya cika da maganar 'yanci da mutunci. Sojojin suka tattara nasu ya nasu, tafintan ma ya ɓace. Ba a jima ba wata babbar ƙasar, kishiyar ta farko a duniya, ta kawo nata. Sansanin dai shi ne, wayar ita ce, tuta kawai aka sauya. Masu sharhi suna ta musu a kan jirgin wa ya fi gani da nisa, makamin wa ya fi saurin isa. Mu da ke ƙasa abin da muka lura shi ne kukan ya ƙara siranta, kuma ya fi na da saukowa.

Tsoro ya kama ni, na kuwa faɗa masa. Ya shigo shago in ɗinke masa aljihun riga, na riƙe rigar na ƙi ba shi.

"Yaya, don Allah ka bar ɗaga bututun nan. Wanda ya san ka ya tafi."

"Haba Auta, maƙwabci ai maƙwabci ne. In sabo ya tare, ba sai ka fara gaishe shi ba?"

"Wannan ba ya jin gaisuwa. Ka lulluɓe kayanka da tamfol, ka yi aikinka ka dawo."

"In lulluɓe? Ai mai ɓoyo shi ake zargi. Ba rami, me ya kawo maganar rami?"

"Kai kuwa ramin ne sana'arka," na ce.

Ya yi dariya har da buga teburin yanka. Ni ban yi ba. Na ce masa sabo turken wawa ne, ya ce in ji tsoron Allah, yaushe auta ta fara zagin yayanta. Ya karɓi rigarsa ya fita yana gaida mai wankin mota.

Aikinsa na ƙarshe a wani ƙauye ne a gindin duwatsu, inda mata ke tafiya mai nisa neman ruwa. An ce 'yan bindiga suna bi ta yankin, matarsa ta roƙe shi ya ɗaga tafiyar, ya ce ya riga ya yi alkawari. Ya fita da safe da leburorinsa biyu.

Wani manomi da ke kan hanyar gonarsa shi ya ba mu labarin. Ya ce sun sauke kaya lafiya. Ya hango Yaya ya cire hula ya ɗaga hannu, sannan ya saɓa bututu ya juya bakinsa sama, yana lalubo inda kukan yake. Manomin ya ce har ya fara murmushi. Bai ji ƙarar zuwan abin ba, sai dai ya farka kwance a cikin kunyar gona, kunnensa na jini.

Da la'asar rediyo ya sanar cewa an hallaka 'yan ta'adda uku a daidai lokacin da suke saita makami za su harbo jirgi. Mai karanta labaran ya yaba da ƙwarewar sababbin abokanmu. Ina zaune gaban keken ɗinki na ji.

Abin da aka kawo mana a buhu bai kai a kira shi gawa ba. Wannan na iya haɗiyewa, mutuwa rigar kowa ce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zaman makoki. Mutumin da ya gaida garin nan kaf, mutumin da rabin unguwa ke shan ruwan hannunsa, tabarmin ƙofar gidansa suka wuni babu kowa sai tsofaffi ƙalilan. Sauran suna tsoron a gan su daga sama sun taru a gidan ɗan ta'adda. Ban ga laifinsu sosai ba, amma har yau akwai waɗanda ba na amsa sallamarsu da sakin fuska.

Bayan kwanaki ina shanya a tsakar gida, matar Yaya tana ɗaki, sai kukan ya dawo. 'Yar Baba ta fito da gudu, da muciyar uwarta a kafaɗa, ta ɗaga fuska sama.

"Sannu da—"

Ban san lokacin da na fizge muciyar na kai mata mari ba. Na ja ta cikin ɗaki na rufe ƙofa. Ba ta yi kuka nan da nan ba, ta dafe kunci tana kallona.

"Gwaggo, ai Baba ya ce rashin gaisuwa rashin tarbiyya ne."

Na ce mata Baba ya yi gaskiya, amma daga yau in ta ji Maƙwabci ta sunkuyar da kai ta wuce.