Kunnen Mai Yankan Bututu

Shekara talatin ke nan yana yankan bututun farin ƙarfe, wannan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, wanda ake yi wa matakalar bene abin dafawa da shi. A layin maƙera Mai Kunne ake ce masa, ba don girman kunnen ba, ko da yake nan ma Allah bai yi masa rowa ba.

Ubangidan da ya koya masa aiki ido ɗaya gare shi. Faifan yanka ne ya tarwatse a kan inji ya tafi da ɗayan. Shi ya sa Mai Kunne bai taɓa ɗaura faifai ba sai ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da ƙotar magagari, ya kasa kunne. Lafiyayye yakan yi amo siriri, mai tsaga a ciki kuwa sai ya ce ƙwaf, kamar fasasshen tulu. Har maƙwabta kan kawo masa nasu. Ƙanensa da suke shago ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, tuni ya cire murfin kariya da ke rufe faifan injinsa, wai yana tare masa ganin layi. In an yi magana ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ai Yaya ya saurara.

To, ƙarar injin da ya ciyar da shi ita ta cinye kunnen, ta bar masa wani zuuu a ciki. Matarsa ce ta fara ganewa, da ta ga sai ta yi sallama uku yana kallon bango. Ta ce ya gaya wa ƙanensa, ya ce gajiya ce kawai. Tsoro yake ji ƙwarai, don bai san abin da zai rage masa a layin ba in maganar ta fita.

Ran nan da hantsi aka kawo kwalin faifai da ya faɗo daga bayan mota. Ƙanen ya ɗaure bututu mai inci biyu, ya naɗa masa takarda ya ja layi, ya miƙo faifai ɗaya.

"Yaya, saurara mana."

Ya rataya, ya ƙwanƙwasa. Yatsarsa ta ji motsin, kunnen kuwa sai zuuu ɗin nan da ba ya barinsa. Ya sake. Maƙwabta biyu na tsaye da nasu a hannu, suna kallonsa.

Ya ce, "Lafiya lau."

Ƙanen ya ɗaure faifan da sifana, ya sunkuya har fuskarsa ta kusa taɓa bututun, kamar kullum. Mai Kunne bai ankara ba sai ya ga ƙafafunsa sun ja da baya, sun kai shi bayan ginshiƙi. Daga can ya hango yatsar ƙanensa ta hau makunni.